Alƙaluma 41,024,320 babu mai raba su: nazarin lambar 2^136,279,841 − 1

A ranar 11 ga Oktoba 2024, wata na'urar GPU, wato na'urar sarrafa hotuna da ake amfani da ita wajen manyan lissafi, ƙirar A100 ta kamfanin NVIDIA, da ke aiki a birnin Dublin na ƙasar Ayalan ta kammala wani dogon lissafi, ta aiko da sakamako cewa ga dukkan alamu lambar 2^136,279,841 − 1 ba ta rabuwa. Washegari wata na'urar, ƙirar H100, a San Antoniyo ta jihar Texas a Amurka, ta gama gwaji na biyu wanda ya yanke magana. A ranar 21 ga watan aka sanar wa duniya. Wanda ya ɗauki hayar na'urorin shi ne Luke Durant, tsohon ma'aikacin NVIDIA mazaunin San Jose, yana aiki ƙarƙashin GIMPS, wato gamayyar 'yan sa-kai da George Woltman ya kafa a 1996 domin farautar irin waɗannan lambobi.

Lamba marar rabuwa, wadda a aji ake kira firam, ita ce wadda babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13. Rubutun 2^p yana nufin a jera 2 har sau p a ninka su, p ɗin kuma za mu kira ta lambar sama. Idan aka cire 1 daga 2^p, abin da ya fito ya zama firam, ana kiransa firam ɗin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, malamin kirista ɗan Faransa da ya fitar da jerinsu a 1644. Wadda muke magana a kai ita ce ta 52 da aka sani. Daga nan za mu riƙa kiranta M.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun farko shi ne siffar lambar ce ta sa aka iya kama ta. Wata lambar mai alƙaluma miliyan 41 da aka zaɓo haka kawai, babu na'urar da za ta iya tabbatar da ita a yau. Kusan kowace dabara da za ta zo a ƙasa ta dogara ne ga abu guda: M da 1 kawai ta gaza 2^p.

Abin da biro da takarda ke iya faɗa

Yawan alƙaluman M ba ya bukatar a rubuta ta. A ninka lambar sama da logaridim ɗin 2 (lambar saman da za a ɗora wa 10 ta ba da 2), wato 0.30102999566, sai a samu 41,024,319.945 da 'yan kai. A yar da abin da ke bayan ɗigo a ƙara 1: alƙaluma 41,024,320. Cire 1 da aka yi bai taɓa yawan alƙaluman ba, domin 2^p ba ta taɓa zama 10 ko 100 ko 1,000 cif. Abin da aka yar ɗin ma yana da amfani: 10^0.9453 ya kusa 8.817, kuma lallai M ta fara ne da 8816943. A nan ne masu gwadawa da ƙaramar kalkuleta ke faɗawa rami. Wanda ya taƙaita logaridim ɗin zuwa 0.30103 zai samu 41,024,320.5, ya ƙara 1, ya ba lambar alƙalami guda da ba nata ba. Bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ɗari biyu ba, idan aka ninka shi sau miliyan 136, ya isa ya tsallake iyaka.

Wutsiyar lambar ta fi sauƙi. Alƙalamin ƙarshe na 2, 4, 8, 16, 32, 64 yana zagaye ne huɗu-huɗu: 2, 4, 8, 6, sannan a koma. Lambar samanmu idan aka raba da 4 saura 1, don haka 2^p ta ƙare da 2, M ta ƙare da 1. Alƙaluma ukun ƙarshe suna zagaye ɗari-ɗari. Lambar sama ta ƙare da 41, 2^41 kuwa ita ce 2,199,023,255,552, saboda haka M ta ƙare da 551.

Haka ake bin sauran. A raba M da 3, saura 1. A raba da 7, saura 3. A raba da 9, saura 4, wanda ke nufin duk wanda ya tara alƙaluma miliyan 41 ɗin nan, ya sake tara alƙaluman jimlar har ya rage guda, 4 zai samu. Wannan ita ce tsohuwar dabarar jefar da tara, kuma tana da amfani na gaske: wanda ya sauke fayil ɗin lambar daga intanet zai iya duba ko alƙalami ya lalace a hanya, ko da yake kuskure ɗaya cikin tara yana iya sulalewa.

A raba M da 8, saura 7. Wannan ɗan sauran yana da nauyi. Legendre ya nuna cewa lambar da ta bar saura 7 a kan 8 ba ta rubutuwa a matsayin jimlar murabba'i uku (murabba'i shi ne lamba sau kanta, kamar 1, 4, 9), balle biyu. Lagrange kuma ya nuna cewa murabba'i huɗu sun ishi kowace lamba. To M sai da huɗu cif, kamar ƙanwarta 7, wadda ita ce 4 + 1 + 1 + 1.

A lissafin kwamfuta na sifili da ɗaya, M ba ta da sifili ko guda: ɗaya ce aka jera sau 136,279,841. Tana cin wajen megabait 17 a haka, a rubutun alƙalumanmu na goma kuma megabait 41. Da za a buga ta, alƙaluma 3,000 a kowane shafi, sai an ci shafuka 13,675. Mai karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai yi kwana 475.

Tankaɗe kafin gwaji

Dole lambar sama ta zama firam. Idan p tana rabuwa, a ce a sau b ce, to 2^a − 1 tana raba 2^p − 1. Misali 2^6 − 1 ita ce 63, ga 3 tana raba ta, ga 7 tana raba ta, kuma 3 ita ce 2^2 − 1, 7 ita ce 2^3 − 1. Sai dai wannan sharaɗi bai wadatar ba. Sha ɗaya firam ce, amma 2^11 − 1 ita ce 2,047, wato 23 sau 89. Shi kansa Mersenne ya zame a nan: ya saka 67 da 257 a jerinsa alhali suna ba da lambobi masu rabuwa, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Sai a 1903 Frank Cole ya fito da masu raba 2^67 − 1, wato 193,707,721 da 761,838,257,287.

A duba 23 da 89 da kyau. Ashirin da uku ita ce 2 sau 11 da 1. Tamanin da tara ita ce 8 sau 11 da 1. Ƙa'ida ce: duk firam q da za ta raba 2^p − 1 dole ta zo da siffar 2kp + 1, inda k take 1, 2, 3 da sauransu, kuma dole ta bar saura 1 ko 7 idan aka raba ta da 8. A wajen M, ɗan takara na farko shi ne 2p + 1, wato 272,559,683, amma sauransa a kan 8 shi ne 3, ya faɗi. Na biyu, 545,119,365, sauransa 5, ya faɗi. Na uku, 817,679,047, sauransa 7, shi ne farkon wanda ya cancanci a duba. Tun da p ɗinmu tana barin saura 1 a kan 4, k ɗin da ke tsira su ne masu barin saura 0 ko 3 a kan 4, rabin 'yan takara sun tafi ke nan kafin a taɓa na'ura.

Duba ɗan takara guda ba ya bukatar a kusanci M. Ana neman sauran 2^p a kan q ne kawai, idan ya zama 1, q ta raba. Ana bin lambar sama a rubutunta na sifili da ɗaya, wanda kowane alƙalaminsa ake kira bit, daga hagu: a kowane mataki a ninka abin da ke hannu da kansa, idan bit ɗin ɗaya ne a ƙara ninkawa da 2, sannan a rage da q. Ga 11 da 23. Sha ɗaya ita ce 1011. A fara da 2. Bit na gaba sifili: 2 sau 2, 4. Na gaba ɗaya: 16 sau 2, 32, saura 9. Na ƙarshe ɗaya: 81 saura 12, sau 2, 24, saura 1. Ashirin da uku ta raba. Lambar samanmu bit 28 ce, don haka matakai 27 sun isa kowane ɗan takara, shi ya sa GPU ke share miliyoyinsu cikin daƙiƙa.

Ba a zurfafa wannan tankaɗe har abada. Damar samun mai rabawa tsakanin 2^x da 2^(x+1) kusan 1 cikin x ce, amma aikin yana ninkuwa biyu a kowane hawa. Ana tsayawa a inda kuɗin hawa na gaba ya fi ribar da ake sa rai, wanda ga lambobi masu wannan girma yake wajen bit saba'in da 'yan kai. Daga nan a gwada dabarar P−1 ta John Pollard, wadda ke kama q idan q − 1 ta ƙunshi ƙananan firam zalla. Ta dace da lambobin Mersenne ƙwarai, domin q − 1 ita ce 2kp, an riga an san p, k kaɗai ake fata ta zama mai laushi. Duk wadda ta tsallake waɗannan biyu ita ake kai wa babban gwaji. Neman masu rabawa har ƙarshe kuwa ba ya cikin lissafi: sai an kai saiwar murabba'in M, lamba mai alƙaluma sama da miliyan 20, alhali ƙwayoyin zarra na duk sararin da ake iya hange an ƙiyasta su da lamba mai alƙaluma wajen 80.

Gwajin Lucas da Lehmer

Édouard Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1 da hannu a 1876, lamba mai alƙaluma 39. Derrick Lehmer ya gyara hanyar a wajen 1930 ta koma yadda ake amfani da ita yau. A fara da 4. A ninka ta da kanta, a cire 2, a ɗauki saura a kan M. A maimaita sau p − 2. Idan an ƙare da sifili, M firam ce. Idan an ƙare da wani abu dabam, tana rabuwa, ko da gwajin bai nuna wa ke raba ta ba.

Ga 127, inda p take 7, matakai biyar. Daga 4 a samu 14. Daga 14 a samu 194, saura 67. Daga 67 a samu 4,487, saura 42. Daga 42 a samu 1,762, saura 111. Daga 111 a samu 12,319, wadda ita ce 127 sau 97 cif, saura sifili. A yi wa 2,047 haka, matakai tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, 1,736. Ba a sauka kan sifili ba.

Dalilin da ya sa sifili ke zama hujja yana da kyau, ya cancanci a tsaya a kansa. A kira 2 + √3 da suna w, a kira 2 − √3 da suna v. Jimlarsu 4, idan aka ninka su kuma 1. Murabba'in jimlarsu cire 2 shi ne w² + v², wato 14, haka kowane mataki yake ninka lambar saman w da ta v sau biyu. Sauka kan sifili a mataki na p − 2 yana nufin w^(2^(p−1)) ta zama −1, saboda haka sai an ninka w sau 2^p cif kafin ta dawo 1. Yanzu a ɗauka M tana rabuwa, q ce ƙaramar mai raba ta. Lambobi masu siffar a + b√3, idan ana lissafi da saura a kan q, ba su wuce q² ba, ban da sifili saura q² − 1, kuma w ba za ta iya yin zagayen da ya fi yawan gidajen da ke akwai ba. Ke nan 2^p ba ta wuce q² − 1 ba. Amma q ƙaramar mai rabawa ce, q² ba ta wuce M ba, M kuma ba ta kai 2^p ba. Magana ta ci karo da kanta, don haka babu q.

A wajen M ɗinmu matakan 136,279,839 ne, kowanne murabba'in lamba mai bit miliyan 136. Abu biyu suka sa hakan ya yiwu.

Na farko, ɗaukar saura kyauta ne. Tun da 2^p tana barin saura 1 a kan M, ba a yin rabawa sam. A yanke sakamakon a gurbin bit na p, a ɗauko ɓangaren sama a tara da na ƙasa. A misalin 127: 4,487 ita ce 35 sau 128 da 7, a tara 35 da 7, ga 42 ɗin da muka samu ɗazu.

Na biyu, ninkawar. Hanyar firamare ta alƙalami da alƙalami za ta ci ƙananan ninkawa wajen 1.7 × 10^15 a mataki guda. A maimakon haka ana yanka lambar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bit 17 ko 18, gunduwoyi sama da miliyan bakwai, a juya su da dabarar Fourier mai sauri da ake kira FFT, a ninka kowace da kanta, a juyo da su. Richard Crandall da Barry Fagin sun nuna a 1994 yadda za a sa wa gunduwoyin nauyi ta yadda naɗewar nan ta sama zuwa ƙasa za ta faru a cikin juyin kansa, abin da ya rage tsawon aikin da rabi.

Inda lissafin ke lalacewa

Nan ne ainihin wahalar take. FFT tana aiki ne da lambobi masu ɗigo, waɗanda kwamfuta ke riƙewa da kusanci. Gunduwar da ya kamata ta fito 51,203 cif tana iya fitowa 51,203.12, sai a mayar da ita cikakkiya mafi kusa. Muddin karkatar ba ta kai 0.5 ba, lafiya. Idan aka cusa bit da yawa a gunduwa domin neman sauri, wata rana karkatar za ta haura rabi, a mayar da lambar gidan maƙwabciyarta, kuma babu ƙararrawar da za ta kaɗa da kanta. Shi ya sa Prime95, manhajar da 'yan GIMPS ke gwaji da ita, ke sa ido kan karkata mafi girma, idan ta wuce wajen 0.4 ta koma ajiyar baya ta sake, ko ta ɗauki FFT mafi tsawo.

Sai kuma na'urar kanta: zafi, ƙwaƙwalwar ajiya mai rauni, gudun da aka ƙara wa na'ura fiye da ƙima. Bit guda ya juya a mataki na miliyan 40, mataki na gaba zai watsa kuskuren cikin lambar baki ɗaya, sauran matakai miliyan 96 duk aikin banza ne. Abin da ya fi muni shi ne yadda kuskuren ke fita. Gurɓataccen lissafi kusan ba ya taɓa sauka kan sifili bisa tsautsayi, don haka ba a cika tsoron firam ɗin ƙarya ba. Tsoron shi ne firam ta gaskiya ta wuce a ce tana rabuwa, a rufe fayil ɗinta. Ɗaukewar wuta ba ta kai wannan haɗari ba, domin manhajar tana ajiye inda ta tsaya lokaci-lokaci, ta ci gaba daga nan.

Shekaru da dama maganin GIMPS shi ne a yi kowane gwaji sau biyu a na'urori dabam-dabam, a kwatanta bit 64 na ƙarshen sakamako. A gwaji na biyu ana gusa lambar farawa da wasu gurabe, domin idan aibin na manhaja ne kada ya faɗa wuri guda sau biyu. Wannan ya ninka kuɗin aikin, kuma gwaji na biyu yakan biyo baya da shekaru. Nauyin da lissafin ke ɗora wa na'ura har ya taɓa tono aibi a masana'anta: a farkon 2016 Intel ta amsa cewa wasu na'urorinta na zubin Skylake suna sandarewa a ƙarƙashin Prime95, ta fitar da gyara.

Canjin da ya buɗe wa Durant hanya ya zo a 2017, daga Robert Gerbicz. Sai dai dabararsa ba ta zauna kan gwajin Lucas da Lehmer ba, saboda cire 2 ɗin nan na kowane mataki yana ɓata tsarin da take bukata. Ta zauna ne kan gwajin Fermat, wanda murabba'i ne zalla: idan M firam ce, 3^(M−1) za ta bar saura 1. Ana fara da 3, a yi ta ninka abin da ke hannu da kansa. Bayan kowane zango mai matakai L, a ce dubu, ana ninka sakamakon cikin wani asusu na gefe. Sabon asusu yana samuwa ta hanya biyu: tsohon asusu sau sabon sakamako, ko kuma a ɗauki tsohon asusu a yi masa murabba'i sau L a ninka da 3. Lissafi ya ce dole su zo ɗaya. Idan suka saɓa, an yi kuskure a tsakani, sai a koma wurin da suka dace na ƙarshe. Ba kowane zango ake dubawa ba, don haka ƙarin aikin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Gwajin Lucas da Lehmer yana da nasa bincike na alamar Jacobi, amma rabin kurakurai kawai yake kamawa.

Me ya sa 3 ba 2 ba? Domin kowace 2^p − 1 mai firam a sama tana cin gwajin Fermat da 2, ko tana rabuwa ko ba ta rabuwa. A kan 2,047, lambar 2 tana dawowa 1 bayan kowane hawa 11, kuma 2,046 ita ce 11 sau 186, don haka 2^2046 ta bar saura 1, lambar da muka san 23 sau 89 ce ta wuce salin-alin. Da 3 asirinta ya tonu: saura 1,013.

A 2020 aka ƙara wani abu, bisa aikin Krzysztof Pietrzak: mai gwaji yana fitar da fayil ɗin shaida daga wasu sakamakon tsakiya da ya ajiye, wata na'ura ta duba shaidar da ɗan ƙaramin kaso na aikin asali. Gwaji na biyu ya daina zama dole ga sababbin lambobi. Da wannan, da manhajar GpuOwl ta Mihai Preda, Durant ya iya baza aiki daga Oktoba 2023 kan dubban GPU na haya a yankuna 24 na cibiyoyin bayanai cikin ƙasashe 17, na'urorin da bai taɓa gani da ido ba, ya kuma amince da abin da suka aiko. Rahotanni sun ce ya kashe kusan dala miliyan 2. Ladan GIMPS na gano sabuwar firam dala 3,000 ne. Firam 17 da gamayyar ta samo kafin wannan duk a kan kwamfutoci na yau da kullum aka same su.

Gwajin Fermat yana da iyaka guda: cinsa alama ce mai ƙarfi, amma akwai lambobi masu rabuwa da ke cinsa, kamar 91, wato 7 sau 13, da ke wucewa da 3. A girman M damar hakan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, duk da haka lissafi ba ya karɓar "kusan tabbas" a matsayin hujja. Wannan ne ya sa aka yi muhawara kan ranar da za a rubuta, 11 ko 12 ga Oktoba, GIMPS ta tsaya kan 12, ranar da gwajin Lucas da Lehmer ya sauka kan sifili. Zaɓin daidai ne. Bayan haka aka maimaita gwajin da manhajoji dabam, ciki har da Prime95 da Mlucas da CUDALucas, a kan na'urori na kamfanoni dabam, kafin a yi sanarwa.

Wani lokaci kuma lissafi yana tafiya daidai, saƙo ne ke maƙalewa. Kwamfutar Curtis Cooper a Jami'ar Central Missouri ta kai rahoton 2^74,207,281 − 1 a ranar 17 ga Satumba 2015, amma imel ɗin da ya kamata ya sanar da mutane bai fita ba. Sai 7 ga Janairu 2016 aka lura da ita a rumbun bayanai.

Abin da M ta haifa, da inda ta tsaya

Kowace firam ɗin Mersenne tana zuwa da cikakkiyar lamba, wato wadda jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ta yi daidai da ita: 6 ita ce 1 + 2 + 3, 28 ita ce 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Euclid ya nuna cewa 2^(p−1) sau 2^p − 1 cikakkiya ce muddin ta biyun firam ce, Euler kuma ya nuna cewa duk cikakkiyar lamba mai rabuwa da 2 haka siffarta take. Ta M tana da alƙaluma 82,048,640, ta ƙare da 76, kuma ita ce jimlar duk lambobi daga 1 har zuwa M. Masu raba ta 2p ne, wato 272,559,682, kuma ana iya lissafa su duka ba tare da bincike ba: 1, 2, 4, 8 har zuwa 2^(p−1), sannan kowannensu sau M. Ko akwai cikakkiyar lamba marar rabuwa da 2, har yau ba wanda ya samo, ba kuma wanda ya nuna babu.

Ana yawan cewa irin wannan lamba tana tsare asirin banki. Ba haka ba ne. Mabuɗin tsarin ɓoye saƙo na RSA mai bit 2,048 yana amfani da firam biyu masu alƙaluma wajen 309 kowace, kuma amfaninsu yana cikin ɓoyuwarsu. Lambar da duniya ta sani ba ta kulle komai. Ƙananan 'yan'uwanta ne ke aiki: 2^521 − 1, wadda Raphael Robinson ya gano a 1952 da kwamfutar SWAC, tana ƙarƙashin tsarin ɓoye saƙo na P-521, 2^19937 − 1 kuma ita ce tsawon zagayen Mersenne Twister, manhajar samar da lambobin ƙuri'a da Matsumoto da Nishimura suka fitar a 1997. Dabarar yanka a tara ɗin nan ce ta sa ta farkon ke da sauri.

Wadda M ta karɓe wa kambun firam mafi girma da aka sani ita ce 2^82,589,933 − 1 ta Patrick Laroche, Disamba 2018, mai alƙaluma 24,862,048. Lambar saman M ta ninka waccan sau 1.65. Hasashen Lenstra da Pomerance da Wagstaff ya ce a matsakaici tazarar kusan 1.48 ce, kuma firam ɗin Mersenne ba su da iyaka, amma hasashe ne, ba a kafa masa hujja ba. A lokacin sanarwar ba a gama gwada duk lambobin sama da ke tsakanin biyun ba, saboda haka "ta 52" yana nufin ta 52 da aka gano. An taɓa ganin tsallake: bayan 2^43,112,609 − 1 da aka samu a Agusta 2008, sai ga 2^37,156,667 − 1 a Satumba, ga 2^42,643,801 − 1 a 2009, dukansu ƙanana da ita.

Gidauniyar Electronic Frontier ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo firam mai alƙaluma miliyan 100. Wannan yana bukatar lambar sama da ta haura miliyan 332. Matakan gwaji za su ninka na M kusan sau biyu da rabi, kowane mataki kuma ya ƙara nauyi fiye da haka kaɗan, don haka gwaji guda zai ci aikin da ya haura na M sau shida, damar dacewa a kowane gwaji kuma ta ragu zuwa ƙasa da rabin ta yanzu.